Daga dajin Siberiya zuwa kasuwar Ataba: Yadda ake zaɓen buroshin ƙarin farce

Duk wanda ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Ataba, a tsakiyar birnin Alkahira, cunkoso ne zai fara tarbarsa. 'Yan tebur sun cika gefen hanya, 'yan dako na neman wurin ratsawa, masu talla kuma na ta ƙwala kira. Idan aka nausa gabas ta titin Muski, akwai lungunan da suka yi suna wajen sarin kayan kwalliya, inda masu shagunan gyaran gashi da na farce ke zuwa sayen kayan aiki.

A cikin tarin kayan akwai wani ɗan abu da bai fi tsawon alƙalami ba, wanda ake sayarwa cikin siririn bututun roba. Shi ne buroshin da ake ɗora farcen akirilik da shi. Guda biyu za su iya yin kama kamar an tsaga kara, rubutun jikinsu ma iri ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa.

Mai sayen da ba ta san bambancin ba tana iya asarar kuɗinta, kuma asarar ba ta tsaya a aljihu ba. Buroshin ne ke auna yawan sinadarin da zai hau yatsun mutum. Idan awon ya kuskure, farcen ya ɗago, fata ta yi bori, wani lokaci ma ƙwayoyin cuta su samu mafaka.

Ataba, dokin ƙofar Alkahira

Ma'anar "ataba" a Larabci ita ce dokin ƙofa. Cikakken sunan dandalin shi ne Al-Ataba al-Khadra, wato koren dokin ƙofa, sunan da ya gada daga wata fada da ta taɓa kasancewa a wurin. Nan ne mahaɗar tsohuwar Alkahira ta masallatan Azhar da Husaini, da sabon birnin da Khedive Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, ya shata bisa fasalin biranen Turai.

Daga wannan dandali jirgin tiram na farko a Alkahira ya tashi a watan Agustan 1896. A nan babban gidan waya yake, da babban ofishin 'yan kwana-kwana, da Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, da tsohon kantin Tiring mai siffar duniya a bisa rufinsa, wanda aka gina gab da Yaƙin Duniya na Farko. A yau layi na biyu da na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa suna haɗuwa a tashar Ataba.

Kowane titi a yankin yana da hajar da aka san shi da ita. Titin Abdul'aziz na wayoyi ne da kayan lantarki, katangar Azbakiyya ta tsofaffin littattafai ce, Hammam al-Talat kuwa nan iyaye ke haɗa kayan ɗakin amarya. Kayan kwalliya sun fi yawa a lungunan Muski, musamman Harat al-Muzayyin, wanda fassararsa ita ce Lungun Wanzami.

Wurin ba baƙo ba ne ga Hausawa. Ɗaliban Jami'ar Azhar da masu zuwa neman magani da 'yan kasuwar da ke hawa jirgi daga Kano ko Abuja duk sukan leƙa shi, wasu don sayayyar kansu, wasu don saƙon 'yan uwa. Kalmomi uku na Larabcin Masar suna taimaka wa baƙo a nan: buroshi shi ne "fursha", farata "dawafir", sari kuma "gumla".

Mafi yawan waɗannan buroshi shigo da su ake yi daga waje, galibi daga China, don haka farashinsu yana bin dala. A watan Maris na 2024, lokacin da Masar ta saki kuɗinta kasuwa ta yi masa farashi, dala ɗaya ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan fam 50 cikin yini guda. Duk lokacin da kayan waje suka yi tsada irin haka, kasuwar kwaikwayo takan buɗe.

Mene ne farcen akirilik?

Asalin wannan sana'a daga ɗakin likitan haƙori yake. A shekarun 1950 wani likitan haƙori a birnin Philadelphia na Amurka, Fred Slack, ya ji rauni a farcensa yana tsakar aiki, sai ya gyara shi da sinadarin da ake haƙoran roba da shi. Daga baya shi da ɗan'uwansa suka mayar da dabarar kasuwanci. Wasu manyan kamfanonin harkar ma daga can suka fito: likitan haƙori Stuart Nordstrom ne ya kafa CND a 1979, OPI kuma ya fara ne a 1981 a matsayin kamfanin kayan aikin haƙori.

Abubuwa biyu ake haɗawa. Akwai ruwa mai ƙarfin wari da ake kira monoma, wanda a kayan kirki akasarinsa sinadarin etil metakirilet ne, ana taƙaita shi da EMA a jikin kwalba. Akwai kuma hoda mai laushi, wadda ƙananan ƙwayoyin roba ne ɗauke da wani sinadarin da ke tayar da aikin daskarewa. Da zarar sun haɗu, ƙwayoyin ruwan sukan fara sarƙewa da juna su zama dogayen sarƙoƙi. Cikin 'yan mintuna haɗin ya yi tauri, ko da yake yakan kwana ɗaya ko biyu kafin ya gama ƙarfafa.

Wannan ya bambanta da lalle, wanda ke rina farce ba tare da ya rufe shi ba. Akirilik rufi ne mai kauri da ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa malamai da dama ke ganin yana hana ingancin alwala da wanka. Mata Musulmi da yawa, a Masar da ƙasar Hausa, sukan ɗora shi ne na ɗan lokaci, kamar a hidimar biki ko kwanakin da ba sa salla. Ya kuma bambanta da farcen jel, wanda ke zuwa a haɗe kuma ba ya daskarewa sai an saka hannu a ƙarƙashin fitila ta musamman.

Buroshi shi ne mudun awo

Mai ɗora akirilik ba ta amfani da sikeli ko cokalin awo. Tana tsoma buroshi a cikin ruwan, ta ɗan goge gefensa a bakin ƙaramin kofin gilashi, sannan ta taɓa hodar da tsininsa. Hodar ta manne, ta jiƙa, ta zama ɗan curi. Yawan ruwan da gashin ya riƙe da yadda ya sake shi su ne ke yanke girman curin da laushinsa.

Kamfanoni da yawa suna ba da shawarar ruwa kashi ɗaya da rabi ga hoda kashi ɗaya, ko da yake kowane haɗi yana da nasa ƙa'idar. Curin da ya yi daidai yakan yi santsi da sheƙi cikin 'yan daƙiƙu, ya zauna a kan farce ba tare da ya gudu ba. Wanda ruwa ya yi wa yawa yakan malala zuwa gefen fata, ya tsuke sosai idan ya bushe, ya kuma bar ragowar sinadarin da bai daskare ba. Wanda ruwa ya yi wa kaɗan yakan yi gari-gari, ya tara kumfar iska a ciki, ba ya kama farce da kyau, kuma yana saurin tsagewa.

Buroshin yana da sassa huɗu. Tsini shi ke ɗaukar hoda, shi ke kuma shiga kusa da fata. Ciki, wato wuri mai kauri a tsakiyar gashin, shi ne rumbun ruwan, kuma da shi ake danna curin a baje shi. Zoben ƙarfe yana riƙe gashin tare da gam a cikinsa. Sai ƙota, wadda ake yi da katako ko roba mai tauri ko alminiyam. Fentin ƙotar katako yakan narke idan sinadarin ya yawaita taɓa shi, har ya ɓata launin aikin.

Dabbar da ke bayan sunan

Kalmar da aka fi gani a jikin buroshin akirilik ita ce "Kolinsky". Sunan wata ƙaramar dabba ce mai dogon jiki da jan gashi, wadda masana ke kira Mustela sibirica, tana rayuwa a Siberiya da arewacin China da Koriya har zuwa tsaunukan Himalaya. Dangin bodari da dage ce. Tana ma da 'yar uwa a Alkahira: ɗan dabbar da Misirawa ke kira "irsa", wadda ake gani da dare tana gilmawa ƙarƙashin motoci a unguwannin birnin.

Gashin wutsiya kaɗai ake ɗauka, kuma na namiji a lokacin sanyi shi ne mafi daraja, domin ya fi tsawo da ƙarfi. Kowane sili siriri ne a gindi, ya yi kauri a tsakiya, ya ƙare da tsini mai kaifi. A jikinsa akwai ƙananan ɓawo masu hawa kan juna da ido ba ya gani. Waɗannan ɓawo da ratar da ke tsakanin silin su ne ke riƙe ruwa su sake shi sannu a hankali. Gashin kuma yana da tsiya ɗaya mai amfani: duk yadda aka lanƙwasa shi, sai ya koma yadda yake.

Masu zane sun san wannan tun kafin a ƙirƙiro farcen roba. A China an daɗe ana alƙalamin rubutu da gashin wannan dabba, ana kiransa gashin kerkeci. A Ingila, kamfanin Winsor & Newton ya fito da shahararren buroshinsa na Series 7 a 1866, bisa buƙatar Sarauniya Victoria.

Dalilin tsadarsa a fili yake. Dabbar ba ta jure kiwo, a daji ake kama ta, kuma gashin da ke wutsiya ɗaya kaɗan ne. Sili mafi tsawo shi ne mafi ƙaranci, don haka kuɗin babban buroshi ya fi na ƙarami nesa ba kusa ba. Akwai kuma batun takardu. A 1989 Indiya ta sanya dabbar a jeri na uku na CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, wanda ke nufin sai da shaidar asali ake tsallaka iyaka da gashin. A 2013 saɓani kan waɗannan takardu ya sa Amurka ta dakatar da shigar buroshin kolinsky na wani lokaci, har ya yi ƙaranci a shagunan masu zane. Ƙungiyar kare halittu ta IUCN ba ta lissafa dabbar cikin masu fuskantar ƙarewa ba, amma ana kashe ta ne kafin a sami gashin, abin da ya sa wasu masu sana'ar suka ƙaurace masa.

Gashin roba da na haɗi

Madadin shi ne gashin da aka sarrafa daga nailan ko foliyesta. Silinsa santsi ne, ba shi da ɓawo, saboda haka ruwan yakan zubo daga gare shi gaba ɗaya maimakon a hankali, akirilik kuma ya fi manne masa. Wannan santsi shi ya sa ya dace da jel, wanda ke da kauri kamar zuma. Buroshin jel gajere ne, mai faɗi, kuma ba ya aikin akirilik. Masu koyo da yawa sukan sayi saitin buroshi goma ko fiye a kan araha, su tarar babu ko ɗaya a ciki da zai iya ɗaukar curi.

A 'yan shekarun nan an samu gashin roba da aka ƙera don ya kwaikwayi kolinsky, mai tsini da ɗan kaushi a jiki. Mai kyau a cikinsa yana aiki, musamman ga mai koyo ko wadda ba ta son kayan dabba, muddin an rubuta cewa na akirilik ne. Akwai kuma na haɗi, inda ake cakuɗa kolinsky kaɗan da gashin akuya ko na doki ko na roba. Babu laifi a sayar da irin wannan da sunansa da farashinsa. Matsalar ita ce idan aka rina shi ja, aka buga masa tambarin kolinsky tsantsa. Kalmar "sable" ita kaɗai ma ba shaida ba ce, domin ana liƙa ta a kan gashi iri-iri.

Lamba da siffa

Ana buga lamba a ƙotar kowane buroshi, kuma girmansa na ƙaruwa da ƙaruwar lambar. Lamba 6 zuwa 8 ita malaman sana'ar suka fi ba masu koyo, domin tana ɗaukar ƙaramin curi da za a iya sarrafawa kafin ya daskare. Da ita ake bin tsarin curi uku: ɗaya a bakin farce, ɗaya a tsakiya inda nauyi ke sauka, ɗaya kusa da fata. Lamba 10 zuwa 12 ta waɗanda hannunsu ya faɗa ce. Daga 14 zuwa sama kuwa sai ƙwararrun da ke dogayen farata ko masu rufe farce da curi ɗaya don sauri.

Babu ma'auni guda da duk kamfanoni ke bi. Lamba 10 ta wani kamfani tana iya zama daidai da 8 ta wani. Mai aika saƙo daga Kano ko Yamai ta fi samun abin da take so idan ta faɗi tsawon gashin da faɗinsa a milimita, ko ta aika da tsohon buroshinta a gwada.

Babban buroshi a hannun mai koyo yana cin ruwa, yana kuma jiƙa fatar da ke kewaye da farce. Ƙarami a kan dogon farce yana tilasta ɗora curi da yawa, a sami layi-layi da raunin gaɓa a inda suka haɗu. Girman yatsun masu zuwa shagon da irin tsawon da suka fi so su ne za su nuna lambar da ta dace.

Ta fuskar siffa, akwai mai zagaye da ke ƙarewa da tsini, wanda ya fi kyau wajen aikin gefe da zana farar baka a bakin farce. Akwai mai siffar ƙwai, wanda ya haɗa tsini da faɗi, kuma shi ne aka fi amfani da shi a aikin yau da kullum. Akwai kuma wanda aka matse zoben ƙarfensa don gashin ya baje, ya dace da shimfiɗa curi da sauri. Wanda aka matse a masana'anta ya fi aminci, domin matsewa da filaya a gida takan karya sili ko ta fasa gam ɗin ciki.

Yadda ake gane na ƙwarai

Sabon buroshi yana zuwa a sandare, domin ana tsoma shi a ruwan ƙaro don ya riƙe siffarsa a hanya. Ƙaron nan shi ne wanda ake samu daga itacen dakwara a Sudan da Chadi da arewacin Najeriya, wanda almajirai ke zubawa a tawada. Amfaninsa kare gashi ne, amma yana ɓoye aibi, domin ko mafi muni yakan yi tsini mai kyau a cikin bututunsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Abu na farko shi ne launi. Kolinsky na gaske ja-ja ne mai ruwan zuma, bakinsa ya fi duhu, kuma launin yana sauyawa a hankali daga gindi zuwa tsini. Launi ɗaya tak daga sama har ƙasa, ko duhun da ya yanke a layi guda, alama ce ta rini. Wanda aka rina yakan bar launi a farar takarda idan aka tsoma shi a ruwan monoma aka goge.

Na biyu shi ne bakin sili. Masu haɗa buroshin kirki ba sa aske shi, jera gashin suke yi har siffar ta fito da tsininsa na halitta. Idan aka kusanto da kyamarar waya aka ga bakin a datse kamar na tsintsiya, almakashi ya bi ta kansa.

Na uku shi ne komawa. Bayan an karkaɗe ƙaron, a danna gashin a kan takarda a ɗaga. Na ƙwarai zai miƙe nan take ya haɗe bakinsa. Wanda ya zauna a lanƙwashe ko ya rabu gida biyu ba zai yi aiki ba.

Na huɗu shi ne zoben ƙarfe. Ya kasance ba shi da ɗinki a gefe, ba ya girgiza a kan ƙota. Sili ɗaya ko biyu na iya fita a ranar farko, amma wanda ke zuba duk lokacin da aka ja shi zai ƙare a cikin farcen mutane.

Akwai kuma gwajin wuta ga mai niyyar sari. A ciro sili ɗaya daga sabon buroshin da bai taɓa sinadari ba, a ƙona shi a waje. Gashin dabba yakan yi ƙaurin gashi ya zama toka mai murmushewa, na roba kuwa yakan narke ya dunƙule. Wannan gwaji yana raba roba da gashin dabba ne kawai, ba ya raba kolinsky da akuya.

Farashi ma shaida ne. Babban buroshi mai tambarin kolinsky tsantsa da ake bayarwa a kuɗin na roba ya riga ya faɗi gaskiyar kansa. Araha ba ta ado.

Zafi da ƙura

Yawancin darussan da ake kallo a intanet an ɗauke su ne a ɗakuna masu sanyi. Daskarewar akirilik kuwa tana ƙara sauri da ƙaruwar zafi. A Alkahira zafin Yuli da Agusta yakan kai digiri 35, a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuma yakan haura 40 a Afrilu da Mayu. A shagon da babu na'urar sanyaya ɗaki, babban curi yana iya yin tauri kafin a gama baje shi, ragowarsa kuma ta daskare a cikin buroshin. Fanka mai kaɗawa kai-tsaye a kan tebur tana ƙara busar da ruwan.

Saboda haka lambar da ta dace da mai aiki a Landan tana iya yi wa ta Katsina yawa. A lokacin zafi, buroshi matsakaici da ƙananan curi da yawan gogewa sun fi tsira. A ɗaki mai sanyi sosai akasin haka ke faruwa, curin ya daɗe bai kama ba, ya nemi malala.

Ƙura ita ma abokiyar gaba ce, ko ta iskar khamasin da ke turnuƙe Alkahira tsakanin Maris da Mayu, ko ta hunturu a ƙasar Hausa, ko wadda ke tashi daga gugar farce. Tana shiga tsakanin sili ta fito a cikin aiki. Buroshi mai murfi ya fi dacewa da irin wannan yanayi.

Abin da kuskure ke jawowa

Idan akirilik bai kama da kyau ba, yakan ɗago ya bar rata tsakaninsa da farcen asali. Danshi ya taru a wurin, ƙwayar cutar Pseudomonas ta yaɗu, farcen ya yi kore. Rufe irin wannan da sabon akirilik ƙara ɓoye matsalar ne.

Haɗari mafi daɗewa shi ne borin fata. Ruwan monoma da ke yawan taɓa fata yana iya sa jiki ya ƙi jinin sinadarin, a fara ƙaiƙayi da ja da kumburi a yatsu, wani lokaci har a fatar ido da wuya inda hannu ke taɓawa. A 2018 Ƙungiyar Likitocin Fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan yawaitar wannan bori a tsakanin masu ƙarin farce da masu yi musu. Idan ya kama mutum ba kasafai yake barinsa ba, kuma dangin sinadarin ne ake amfani da su wajen cike haƙori da liƙa ƙashin roba a tiyata. Shi ya sa ake barin 'yar rata tsakanin akirilik da fata, aikin da ba ya yiwuwa da buroshin da bakinsa ya tarwatse.

Ruwan da ake tsoma buroshin ma abin dubawa ne. Akwai mai araha da ake yi da metil metakirilet, wato MMA. A farkon shekarun 1970 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta karɓi ƙorafe-ƙorafe kan lalacewar farata da borin fata, ta bi ta kotu ta janye kayan da ke ɗauke da shi tsantsa daga kasuwa. Ana gane shi da wari mai tsanani, da taurin da ke wahalar gugawa, da ƙin narkewa idan an zo cirewa. Kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba abar gudu ce, kowace kasuwa aka same ta.

Kulawa bayan saye

Kafin aikin farko a karkaɗe ƙaron da yatsa mai safar hannu har gari ya daina tashi, sannan a tsoma gashin a monoma a goge a takardar da ba ta barin zare, a maimaita har ya yi laushi. Ana goge buroshi bayan kowane curi, a wanke shi da monoma mai tsabta idan an tashi. Asiton, ruwan da ake cire farce da shi, yana busar da gashin dabba ya sa shi karyewa. Idan akirilik ya daskare a ciki, a jiƙa shi a monoma na wasu sa'o'i har ya saki, ba a tsefe shi da ƙarfe.

Ana ajiye shi a kwance ko bakinsa na kallon ƙasa. Idan aka tsayar da shi kamar biro a kofi, ruwan ya gangara cikin zoben ya narkar da gam, daga baya ya dawo ya sa aiki ya yi rawaya. Ba a yi masa aski, ba a kuma haɗa shi da aikin jel ko fenti. Wanda aka kula da shi haka yana iya yin watanni masu yawa yana aiki kullum.

Monoma da asiton duka masu kama wuta ne. Mazauna Ataba sun san abin da gobara ke yi a cunkushen kasuwa: a watan Mayun 2016 wuta ta tashi a yankin Ruwai'i, ta cinye shaguna da rumbunan kaya masu yawa, ta kuma yi sanadin rasa rayuka. Nesanta waɗannan kwalabe da janareto da kyandir da garwashin turaren wuta wajibi ne a kowane shago.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta Masar, mai lamba 181 ta 2018, ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin kwana 14, ko kwana 30 idan suna da aibi, tare da wasu keɓantattun sharuɗa. Wannan dama tana buƙatar rasiɗi, wanda ake kira "fatura", kuma a shago ake samunsa, ba kasafai a tebur ba. Ga wanda zai hau jirgi zuwa Kano kuwa, damar tana ƙarewa ne a filin jirgi. Shi ya sa masu sarin da suka san hanya sukan sayi guda ɗaya a farkon zamansu, su gwada shi a masauki, sannan su koma wa mai shagon a yi cinikin dozin.